Dakan Ƙaiƙayi

A unguwar da Suwaiba ta yi aure a 'Yandoto, zakara aikin banza yake yi. Tun kafin a kira sallar asuba taɓaryarta take fara sauka a turmi, kuma ba ta fashi, damina da rani. Maza har gori suke yi wa matansu da ita, su ce ga matar Tajuddeen can ta kusa gama surfe, ke kina nan kina miƙa. Ita kuwa Suwaiba tana jin daɗin wannan suna fiye da yadda ya kamata. In ta fito ɗiban ruwa takan ɗaga kai kamar wadda aka naɗa wa sarauta.

Abin da ke cikin turmin ƙaiƙayi ne.

Tajuddeen ba ya duka, ba ya zagi. In ka same shi a majalisa sai ka taya matarsa murna, don shi ne mai biya wa kowa shayi. Ciwonsa ɗaya ne, zinare. Tun da haƙa ta shiga ransa, kowace kaka da an kai hatsi rumbu sai ya kira 'yan sari su kwashe, ya ce jari zai haɗa, ya mayar da murfin rumbu ya tafi daji. Sai a yi wata da watanni wayarsa a kashe. In ya dawo, ya dawo da sabon agogo da labarin wani rami da saura ƙiris ya fashe da arziki, ya kwana biyu ya sake ɓacewa. Ko ƙwayar gero ba ya tambaya ko akwai a gidan.

Suwaiba Bafulatanar Bungudu ce, daga gidan da in yunwa na cin mutum aka miƙo masa abinci sai ya ce yanzu ya tashi daga kan kwano. Abin da aka koya mata ke nan, kuma ta iya shi fiye da masu koyarwar. Kullum da safe takan hau rumbu da ƙwarya, ta sauko da ita a rufe da faifai. Ta daka ƙaiƙayinta, ta hura wuta don hayaƙi ya tashi. Abin da za ta sa wa 'ya'yanta mata biyu a baki kuwa, kwanukan jerenta take zarewa ɗaya bayan ɗaya daga layin baya, ta kai kasuwar Tsafe inda ba a san ta sosai ba, ta dawo da ɗan gari a ƙarƙashin hijabi. Layin gaba yana nan yana ƙyalli, bayansa bango ne tsirara.

Abu ɗaya ne ke yi mata sauƙi, shi ma a ganinta sa'a ce kawai. Maƙwabciyarta Iya Mairo, wadda katanga ɗaya ta raba su, tsufa ya kashe mata harshe. Kusan kowane maraice sai ta leƙo ta ce, "Suwaiba, ɗanɗana min miyag ga, ni ban jin gishiri yanzu." Ta miƙo kwano ta saman katanga, tuwo malmala uku da miya har baki. Suwaiba takan ɗanɗana ta ce gishiri ya ji, tsohuwar ta ce to bar shi nan yara su lashe, ta juya abinta. Har tausayinta Suwaiba take ji, tana cewa a ranta tsufa ba daɗi, mace ta manta yawan abin da ake bayarwa ɗanɗano.

Da haka aka ci kaka biyu. Sai wata safiya zazzaɓi ya kwantar da ita, ta kasa ɗaga kai. Tana kwance sai ta ji amon turmi a tsakar gidanta. Ta rarrafa bakin ƙofa, ta ga babbar 'yarta Fiddausi, wadda tsawonta bai kai na taɓarya ba, ta zuba ƙaiƙayi tana ta fama.

"Ke, mi kike yi?"

"Inna, kar mutane su ce yau ba mu daka ba."

Suwaiba ta daɗe tana kallon yarinyar. Yunwa ba ta taɓa sa ta kuka ba, amma wannan ya sa ta. Ba ta koya wa yarinyar ba, yarinyar ta koya da ido, kuma wata rana haka za ta je ta yi a nata gidan. Da zazzaɓin ya sake ta, ta ɗaure kayanta, ta kama hannun 'ya'yanta, suka hau mota zuwa Bungudu, gidan yayanta Manu.

Manu ya nemi Tajuddeen a waya har ya same shi, ya ce masa ƙanwarsa ta gaji, a sawwaƙe mata. Tajuddeen ya yi dariya ya ce shi bai kore ta ba. In aure ya ishe ta, ta maido masa saniyarsa da duk abin da ta haifa, ya rubuta mata takarda a ranar.

Saniyar da yake nufi ita ce sadakin Suwaiba. Karsana ce lokacin da aka ɗaura aure, ana ce mata Ƙyalla, kuma tun daga ranar tana cikin garken Manu, ta hayayyafa. Duk yunwar da Suwaiba ta sha ba ta taɓa cewa a sayar da ko maraƙi ba, don da ta ce, da Manu ya tambayi dalili. Yanzu ita ce kaɗai abin da ta mallaka a duniya, kuma da nononta take shirin riƙe 'ya'yanta.

Manu mutum ne mai gudun tsaye a gaban jama'a. Ya ce, "Suwaiba, a ba shi, a rabu lahiya. Garkena garkenki na. Kotu tonon asiri ta."

"Yaya, na sha yunwa gidanai, kuma in biya shi lada?" Ta girgiza kai. "Ƙyalla ba ta zuwa ko'ina. Ka kai ni Gusau in ɗauki lauya."

Manu ya sayar da rago, suka yi sammako. Lauyan farko da aka kwatanta musu a tasha mai ƙaton ofis ne da murya mai cika ɗaki. Suwaiba ba ta kai rabin bayaninta ba ya buga tebur ya ce an gama, wannan shari'a a aljihunsa take. Ta miƙe ta gyara hijabi ta yi masa godiya. A waje Manu ya tambaye ta me ya faru, ta ce wanda bai ji zance ba har ya ci shari'a, gobe ma ba zai ji ba.

Na biyun, Barista Abdulaziz, a saman wani shagon sayar da taki yake, ɗan siriri mai magana a hankali kamar yana tsoron ta ƙare. Ya bar ta ta yi bayani tun daga karsana har zuwa Fiddausi da taɓarya, bai katse ta ba. Da ta gama sai ya ture kofin shayinsa gefe.

"Malama Suwaiba, ƙohwa biyu ag gabanki," in ji shi. "Ta hwarko kul'i. Ki ce wa alƙali ba ki son auren, ba sai kin kawo dalili ba, amma ki maida sadaki. Ko alƙali bai ba shi ɗiyan saniyar ba, uwar dai ta tahi. Wagga ƙohwa tana da sauri."

"Ta biyu hwa?"

"Ta biyu, ki ce an cuce ki, ki nemi alƙali ya raba auren da kainai. Shari'a ta san cutarwa kala-kala. Miji ya hana ci da sha da sutura, ko ya riƙa duka da zagi, ko ya ƙaurace ma shimhiɗa, ko ya yi tahiya mai tsawo ya bar mace ba labari. Ke kina da biyu cikinsu, yunwa da tahiya. In sun tabbata, ki hita da sadakinki, ko igiyar saniya ba ki maidawa."

Suwaiba ta dubi Manu da irin kallon nan na ka ji ko. Lauya ya ɗaga yatsa.

"Na ce in sun tabbata. Alƙali bai zauna gidanki ba, shaidu yaka saurare. Wa yas san halin da kika ciki? Wa kika taɓa kai ma kuka? Liman, mai unguwa, maƙwabta?"

Nan Suwaiba ta gyara zama, tsohon halin ya motsa. Ta ce babu. Ta faɗa masa yadda take hawa rumbu da ƙwarya a rufe, da yadda take tada hayaƙi, da layin kwanuka. Ta ce ko ƙudan unguwar bai sani ba, kuma ta faɗe shi da alfahari, tana jiran a yaba.

Barista Abdulaziz ya cire tabarau ya murza ido.

"Malama, kin san abin da kika yi? Kin kwashe kaka biyu kina tara ma mijinki shaidu. Gobe ya kira unguwa duka su ce kullum suna jin dakanki, suna ganin hayaƙinki, kuma ba ƙarya sunka yi ba. In ke ba ki da shaida, shi za a ba rantsuwa cewa yana ciyarwa. Zai rantse?"

"Kamar shan ruwa," in ji Manu.

Suwaiba ta ji kamar an zare mata tabarma tana zaune. Abin da take taƙama da shi duk rayuwarta, shi ne zai kama igiyar Ƙyalla ya miƙa wa Tajuddeen. Ba ta ji haushin lauyan ba, kanta ta ji haushi.

"Ba ni yi miki alkawarin nasara," ya ce. "Amma ina karɓar shari'ar in za ki yi abu guda. Ki koma 'Yandoto, ki sami wadda tah hi kusa da ke, ki gaya mata gaskiya da bakinki. Wataƙila wani ya ga 'yan sari suna kwasar hatsi, wataƙila wani ya gan ki da kwano a kasuwa. Ki samo min ko zare guda, ni in ja."

Suka yi jinga, ta ce ta ɗauke shi. Ta fi son wanda ya faɗa mata inda ciwon yake.

Tafiyar 'Yandoto ta fi mata zuwa Gusau nauyi. A mota tana ta jera kalmomin da za ta faɗa, suna rushewa. A ce ita, Suwaiba mai tada unguwa, ta durƙusa gaban tsohuwa ta ce duk ƙarya ce. Sau biyu ta yi niyyar sauka ta koma, sai ta tuna Fiddausi da taɓarya ta gyara zama.

Ta sami Iya Mairo a tsakar gida tana tsince wake. Suka gaisa, aka tambayi yara da mutanen Bungudu. Sannan Suwaiba ta sunkuyar da kai ta fara.

"Iya, akwai abin da nika ɓoye muku. Dakan nan da kuka ji kullum..."

"Tsaya," in ji tsohuwar.

Ta tashi da ƙyar, ta jawo turminta, ta ɗebo ƙaiƙayi daga inda kaji ke tono ta zuba. Ta ɗaga taɓarya ta sauke sau uku. Amon ya fito fayau, itace na dukan itace. Ta juye, ta auno gero ta zuba, ta yayyafa ruwa ta sake saukewa. Wannan karon amon ya nutse, mai nauyi, kamar tafiyar mutum a kan yashi.

"Kin ji?" Ta jingine taɓarya. "Ɗiyata, tun ban kai Fiddausi ba nika daka. Ranar da kinka hwara zuba ƙaiƙayi, ban gama alwala ba nis sani. Ba ni ɗai ba. Duk macen da ka riƙa taɓarya cikin unguwag ga ta sani. Maza ɗai munka bari suna yabonki, su ba su san komi ba."

Tsohuwar ta koma kan kujerarta, ta ci gaba.

"Hayaƙinki ma hwari na, ba ƙamshin daddawa ba na kuka. Ruwa kika dahwawa."

"To don mi ba ku ce komi ba, Iya?"

"Ke kin ce? Kin ruhe abinki da kyau, munka ce to mu taya ki riƙon murhi. In munka aiko miki da hatsi kin maido shi, mun san halin mutanenku. Shi na nic ce harshena ya mutu." Ta fito da harshen ta nuna mata. "Lahiya tai lau. Kuma tuwon ba daga tukunyata ɗai yaka hitowa ba. Yau Adama ta zuba malmala, gobe matal liman, jibi wance. Ni dai katangata ta hi kusa."

Suwaiba ta rufe fuska da hijabi. Kunya ta kama ta irin wadda ba ta taɓa ji ba, ta tuna yadda take ɗaga kai a bakin rijiya a gaban matan da suka san abin da ta kwana da shi a ciki. Amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani sanyi, don ashe duk tsawon lokacin nan ba ita kaɗai take ɗauke da kayan ba. Ta yi kuka, ta yi dariya, Iya Mairo ta bar ta ta gama ta koma tsintar wakenta.

Zaren da lauya ya nema sai ya zama igiya. Mijin Iya Mairo, Malam Labbo, ashe shi an gaya masa tun tuni, har ya tare Tajuddeen sau biyu ya yi masa nasiha, Tajuddeen ya ce rami ya kusa fashewa. Ɗanlami mai injin niƙa kuma a kan idonsa 'yan sari suka loda buhunan, kuma tun daga lokacin bai ƙara ganin ƙwaryar gidan a layin inji ba. Barista Abdulaziz ya zo da kansa ya zauna da kowannensu, ya ce kada wanda ya ƙara ko gishiri a kan abin da ya sani. Iya Mairo ta dage sai an ɗauki turmi an kai kotu, da ƙyar ya lallashe ta cewa alƙali zai fahimta ba sai an daka masa ba.

Shari'ar ba ta ƙare a zama ɗaya ba. Alƙalin kotun shari'a a Tsafe ya fara neman sulhu, ya ba Tajuddeen wa'adi ya cika rumbu ya zauna a gida. Wa'adi ya cika, rumbu na nan yadda yake. Ranar sauraron shaidu Tajuddeen ya zo cikin shadda mai maiƙo, bai ɗauki lauya ba don a ganinsa ba ya bukata.

"Allah gafarta Malam," ya ce, "a tambayi unguwa. Turmin gidana shi ka tada mutane salla."

Aka tambayi unguwa. Malam Labbo ya faɗi nasa, Ɗanlami ya faɗi nasa, Iya Mairo da Adama suka faɗi abin da kowace mace a layin ta sani. Suwaiba na zaune tana jin ana kwance asirinta ƙulli bayan ƙulli a gaban baƙi, kuma abin mamaki, kanta a ɗage yake. Alƙali ya tambayi Tajuddeen ko yana da suka a kan shaidun. Ya duba hagu ya duba dama, sannan ya kawo abin da yake gani hujja ce.

"In ban ciyar da su ba, da mi sunka rayu?"

"Da tuwonmu," in ji Iya Mairo, ba tare da an ba ta izini ba.

Alƙali ya tsawata mata kaɗan, amma ya rubuta. Tajuddeen ya juya ya dubi bencin mata, matan abokansa na majalisa waɗanda yake saya wa mazansu shayi. Babu wadda ta kau da kai. Ya koma ya zauna.

Alƙali ya raba auren saboda cutarwa ta tabbata. Ya ce sadaki na Suwaiba ne da duk abin da ya haifa, yara su zauna wurin uwarsu, cinsu da suturarsu a wuyan ubansu. A bakin kotu Manu ya kama hannun Barista Abdulaziz da hannu biyu ya ƙi saki. Lauyan ya ce shi ja kawai ya yi, a je a gode wa masu tuwo.

Suwaiba ta yi iddarta a Bungudu. A cikin kwanakin Ƙyalla ta sake haihuwa, nono ya wadata, Fiddausi ta koyi kaɗa mai. Daka kuwa sai rana ta fito take yin sa yanzu, kuma ranar da babu abin dakawa takan shiga wurin matar Manu ta ce babu.

Da idda ta cika, ta zaɓi ƙwaryar da ta fi kowace girma a gidan, ta cika ta da kindirmo, ta ɗora curin man shanu a kai, ta rufe da sabon faifai. Ta riƙe ta a cinya tun daga Bungudu, ta ratsa Gusau, har 'Yandoto, ba ta bari yaron mota ya taɓa ba. Ba ta shiga ta ƙofar Iya Mairo ba. Ta zagaya ta tsohon gidanta, wanda yanzu ba kowa sai kaji, ta tsaya a daidai inda ta saba tsayawa, ta ɗaga ƙwaryar da hannu biyu ta ɗora a kan katanga.

"Iya," ta ce, "ɗanɗana min nonon ga. Harshena ya mutu, ban sani ba ko ya yi tsami."

Iya Mairo ta taso ta ɗaga faifan. Ta dubi ƙwaryar, ta dubi Suwaiba, ta sa yatsa ta lasa, ta daɗe tana juya shi a baki kamar mai nazari.

"Ni ɗai ban iya ganewa," ta ce. Ta juya wajen ɗaya katangar ta ɗaga murya. "Adama, kira matal liman da sauran. Kowa ta taho da ludayinta."